Tambaya da Amsa: Na bar shinkafa na koma alkama, amma suga ya ƙi sauka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Bara aka ce ina da ciwon suga, tun daga nan na bar shinkafa da sukari kwata-kwata, na koma tuwon alkama rana da dare kamar yadda maƙociyata ta bani shawara, amma duk sanda na gwada bayan cin abinci sai inga 240 ko sama da haka. Ina matsalar take?
Wata uwargida daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar alkamar nan ta cika gari, kowa aka ce masa suga sai ya ruga injin niƙa da kwanon alkama, alhali alkama hatsi ce kamar dawa da masara da gero, sitaci ne cike da ita, kuma duk sitacin da ya shiga ciki narkewa yake ya zama suga ya bi jini ko da baki ji zaƙinsa a harshe ba. Da sugan ya shiga jini sai wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke ce wa fankiriyas, ta saki wani sinadari mai suna insulin domin ya kwashe shi ya kai cikin tsoka da hanta. A irin ciwon da ke kama manya insulin ɗin yana nan amma jiki baya jin maganarsa sosai, kuma a hankali yawansa ma yana raguwa. Kamar 'yan dako ne biyu da suka gaji a bakin kasuwa, in ana sauke musu buhu ɗaya-ɗaya zasu kwashe, in tirela ta juye kaya a lokaci guda sai hanya ta toshe.

Toh me ke sa kayan su juye a lokaci guda? Yawa da laushi. A 1981 wani likita a Jami'ar Toronto ta Kanada, David Jenkins, shi da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin saurin da kowane abinci ke ɗaga suga, tsantsar gulukos, wato irin sugan da ke cikin jini, aka bashi maki 100, daga 70 zuwa sama mai sauri ne, 55 zuwa ƙasa mai tafiya a hankali. Abin da zai baki mamaki farin biredi da biredin alkama mai ruwan ƙasa duk a gidan 70 suke, kusan kai ɗaya, saboda an riga an niƙe ƙwayar ta zama gari lukui, ciki ba shi da sauran aiki. Farar shinkafa ma a gidan 70 ɗin take. Wake kuwa yana ƙasa da 55. Ke kuma na san yadda ake yi, a niƙo, a tankaɗe da rariya mai laushi a zubar da dusar, a tuƙa, a ce ai na masu suga ne a ci malmala biyu har da neman ƙari.

Ki rage tuwon ya dawo kamar dunƙulen hannunki, na alkama ne ko na dawa ko acha, duk ɗaya. Gurbin da ya bari ki cike shi da miya, kuka, kuɓewa, zogale, alayyahu, ga kifi ko nama ko ƙwai. In da hali ki fara da kwaɗon rama ko na zogale kafin ki taɓa tuwon, ganye da wake da ɗan maiƙo suna rage gudun narkewar abinci. Shinkafar ma ba haramun bace gare ki, wake da shinkafa wanda waken ya rinjaya ya fi miki tulin tuwon alkama. Bayan kin ci kar ki miƙe a kan tabarma, zagaya tsakar gida na minti 10 zuwa 15, tsoka in tana aiki tana zuƙe suga.

Ki riƙa gwadawa awa 2 daga lomar farko, abin da ake so ga yawancin manya ƙasa da 180. Ki rubuta abin da kika ci da lambar da ta fito, ki tafi da takardar asibiti, dan 240 kullum ba abin zama a gida bane, wataƙila maganinki ma yana son gyara.

TAMBAYA: Ni bana iya wuni ban sha fura da nono ba. Wasu sun ce nono na sauke suga, wasu sun ce in bari. Wanne zan kama?
Wani magidanci daga Maraɗi

AMSA: Malam duka ɓangarorin kowa ya riƙe rabin gaskiya. Nono da kindirmo basa ɗaga suga da sauri, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Sidini ta Ostireliya a 1997 ya nuna kayan madara suna sa jiki ya saki insulin fiye da yadda sugan cikinsu zai sa a yi zato. Amma wannan bai mai da nono magani ba. Rigimar tana wajen fura, gero ne dafaffe kirɓaɓɓe, an dama shi ya zama ruwa, abin sha kuwa ya fi abin tauna saurin wucewa, ga ludayi baya ƙirguwa, ga sukari da ake ambaɗawa. Ka sa kindirmon ya fi yawa, fura ɗan guntu, ba sukari, kuma ka lissafa ta a matsayin abincin ranarka, ba wai ka gama da tuwo ka kora da ita ba. Koko ma haka, gasara ce tatacciya ba dusa, gara ƙosan ya fi kokon yawa. In takardar gwajinka da giram take zuwa kamar yadda ake yi a Nijar, 180 ɗin da na faɗa wa Hajiyar Zariya shine 1,8.

TAMBAYA: Anti na maye sukari da zuma a shayi, ai ba komai ko?
Wata amarya daga Kano

AMSA: Da komai ƙanwata. Falalar zuma ba a musunta, amma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, jininki kuma baya tambayar daga ina ya fito. Rabin ƙaramin cokali wani lokaci ba zai tada hankali ba, tsiyayawa ne matsalar. Dabino ma ɗaya ko biyu, ba ki aje faranti a gaba ba. Lemon kwalba kam ki yi sallama da shi, kwalba ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da kusan ƙaramin cokali 9 na sukari.

TAMBAYA: Yarona ɗan shekara 11 allurar insulin ake masa kullum. Wani mai magani ya ce in hana shi tuwo da shinkafa in riƙa bashi ruwan shuwaka, cikin wata ɗaya zai bar allura. Yaron ya gaji da huji, ni ma kuɗin ya ishe ni.
Wata mahaifiya daga Gombe

AMSA: Maman yaro na ji tausayinki wallahi, amma dan girman Allah kar ki tsayar da allurar nan ko na kwana ɗaya. Ciwon yaronki, in dai nau'i na ɗaya ne wanda shi ya fi kama yara, daban yake da na Hajiyar Zariya, jikinsa baya yin insulin ne gaba ɗaya, ba abincin da zai maye gurbinsa, ɗaci kuma baya kashe zaƙin jini. Kafin a gano insulin a 1921 horon yunwa ake yi wa irin waɗannan yara, kuma basa daɗewa. In aka tsayar, cikin kwana ɗaya zuwa biyu zai iya fara amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama har ya suma.

Hana shi tuwo alhali ana masa allura shima haɗari ne ta ɗaya gefen, sugan zai faɗi. Yaro ne mai girma, yana buƙatar abincinsa a kan lokaci, daidai da allurar, wannan lissafin ku zauna da likitansa ku yi, ki kuma faɗa musu maganar kuɗin kar ki ji kunya. In kika ga yana zufa, hannu na rawa, ko ya rikice, ko na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70, ki bashi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in bai hau ba ki ƙara. In ya riga ya suma kar a ɗura masa komai a baki, asibiti kai tsaye. Ki sa masa ƙwayoyin sukari a jakar makaranta, ki sanar da malamin ajinsu da na Islamiyya.