Wata Shidana A Kanada Sun Kusa Cika, Maigida Ya Ce In Kwantar Da Hankalina

Assalamu alaikum Anti,

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na daɗe ina karanta amsoshin da kike ba mutane, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan kawo tawa ba.

Shekarata 27. Bara aka ɗaura mana aure, maigidana ya zo gida aka sha biki, sannan ya koma Kanada inda yake aiki. Yana da takardar zaman dindindin tun kafin mu haɗu. Ni kuma na biyo shi da bizar baƙunta, yau watana 4 da kwana 20 a Kalgari. Bayan zuwana da wata 2 ya cike takardun ɗaukar nauyina don in samu zaman dindindin, irin wanda ake yi daga cikin ƙasa, ya biya kuɗi, ya tura. Har yau shiru, ko wasiƙar da za ta nuna sun karɓa ba ta zo ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce wata baiwar Allah da muke haɗuwa a masallaci ta ja ni gefe ta ce, "Kin nemi ƙarin wa'adi kuwa?" Na ce wane wa'adi? Ta ce baƙo wata 6 ake ba shi. Gabana ya faɗi, don a filin jirgi na'ura ce ta duba ni, ko hatimi ba a buga mini a fasfo ba. Da na lissafa sai na ga saura kwana 40.

Da daddare na tambayi maigida. Ya ɗauko fasfona daga durowa, ya buɗe shafin bizar, ya ɗora yatsa a kan kwanan watan ya ce, "Duba nan, sai nan da shekara 4 za ta ƙare." Ya ce kuma tunda an shigar da takardu magana ta ƙare, wai haka abokinsa ya yi da matarsa kuma ba abin da ya same ta. Da na sake tayar da zancen washegari sai ransa ya ɓaci, ya ce ko ban yarda da shi ba ne. Anti, mutumin kirki ne, bai rage ni da komai ba. Tun duhun asuba yake fita cikin sanyi, ya dawo a gajiye. Amma komai na takardun nan a imel ɗinsa yake, ni ko lambar sirrin ban sani ba. Yana barci nake buɗe kalandar waya ina ƙirga kwanaki.

Ga kuma mahaifiyata da ta samu shanyewar ɓarin jiki watan jiya. Ni ce babbar 'yarta mace. Ƙanwata ce ke riƙe mata waya idan na kira, ba ta iya magana sosai, sai dai ta yi ta kallona. Ina so in je ko wata ɗaya ne in yi jinyarta. Sannan wata mata ta ce in riƙa taya ta kitso a gidanta tana biyana a hannu, ko zan samu abin aika wa gida.

Wa zan saurara, Anti? Ba na son in saɓa wa mijina, ba na kuma son in wayi gari na zama mai zaman da ba ya bisa ƙa'ida.

'Yarki a Kalgari

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ce. Zan zo kan maganarta, amma bari in fara da wadda ba ta jira.

Matar nan ta masallaci ta yi miki rana. Gaskiya ta faɗa miki, maigidanki kuma ya yi kuskure, irin wanda masu ilimi da yawa suke yi. Bizar da ya nuna miki makullin ƙofa ce kawai. Tana ba ki damar hawa jirgi ki iso bakin iyaka ki nemi shiga. Tsawon zaman da za ki yi kuwa jami'in da ya karɓe ki ne yake yankewa, idan kuma bai buga hatimi ko ya ba ki wata takarda ba, wata 6 ne daga ranar da kika sauka, ko ranar da fasfonki zai ƙare idan ita ta riga zuwa. Shekara 4 ɗin nan ba ruwansu da kwana 40 ɗinki.

Takardun ɗaukar nauyi su ma ba su ƙara miki ko kwana ɗaya ba. Layi kika shiga. Hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, ta sa wa kanta ma'aunin wata 12 a kan takardun ma'aurata, kuma sau da yawa ana wuce hakan. Duk tsawon jiran nan, riƙe izinin zamanki na wucin gadi yana wuyanki.

To ga abin da za ki yi a cikin makon nan, ba na gaba ba. Ki nemi ƙarin wa'adin baƙunta ta intanet, fom ɗin lambarsa IMM 5708, kuɗinsa dalar Kanada 100. Hukumar tana so a tura saura kwana 30 aƙalla, kin ga kwana 10 ne a hannunki idan kina so ki yi shi yadda ya kamata. Amfaninsa shi ne, muddin kin tura kafin wa'adinki ya cika, doka tana ɗaukarki a matsayin mai zama bisa ƙa'ida har ranar da za su yanke hukunci, ko da wata shidan sun wuce kina jira. Ki haɗa da hoton fasfo, shaidar aure, shaidar cewa an tura takardun zaman dindindin, bayanan banki da ke nuna akwai abin ciyar da ke, da gajeriyar wasiƙa daga maigida. Kada ki ɓoye dalilinki. Dokar Kanada ta yarda mutum ya kasance baƙo alhali yana neman zaman dindindin, abin da suke so su gani shi ne za ki fita idan aka ce ki fita. Ki duba ranar ƙarewar fasfonki, don ba sa ba da wa'adin da ya zarce ta. Rasit ɗin da za su turo kuma ki buga shi a takarda ki adana a inda ke kika sani.

Maganar abokin maigida tana da tushe, shi ya sa take ruɗar mutane. Tun 2005 akwai wata manufa da ta ba da damar a ci gaba da duba takardun matar da wa'adinta ya ƙare, idan tana zaune da mijinta a Kanada. Wato ba a jefar da takardun ba. Amma ita matar ba ta da izinin zama a duk tsawon lokacin, ba ta tsira daga umarnin barin ƙasa ba, kuma izinin aiki ma sai an amince da matakin farko na takardunta kafin ta iya samu. Idan kuma aka dawo da takardun saboda an manta wani sa hannu, ko aka ƙi amincewa da su, to babu abin da za ta dafa. Wadda wa'adinta ya kuɓuce mata tana da kwana 90 ta nemi a maido mata da shi, da ƙarin kuɗi sama da dala 200, kuma ba tabbas za a ba ta. Matar abokin nan ta haye, Allah ya kiyaye ta. Ban ga dalilin da za ki bi ta wannan siraɗin saboda dala 100 ba.

Kitson nan ki bar shi tukuna. Na san zafin ganin uwa a kwance hannunki babu komai, amma a idon hukuma aiki ne, ko a falo aka yi shi, ko a hannu aka biya, kuma baƙo ba shi da izinin aiki. Gaba za a iya tambayarki, idan kika musa aka gano, hukuncin yi wa hukuma ƙarya haramcin shiga Kanada na shekara 5 ne. Ga hanya mai tsafta kusa da ke: da zarar wasiƙar shaidar karɓar takardunki ta zo, wadda suke kira AOR, kina iya neman buɗaɗɗen izinin aiki, wanda zai ba ki damar aiki kusan ko'ina, a kan dala 255, matuƙar adireshinku ɗaya da maigida kuma izinin zamanki yana raye. Kin ga yadda wannan ma ya rataya a kan wancan. Kuma sai takardar ta zo hannunki za ki fara, turawa kawai ba ta isa ba.

Yanzu maganar Mama. A nan na fi daɗewa ina tunani kafin in ɗauki alƙalami.

Ba a hana ki fita ba. Sai dai irin takardun da aka shigar miki sharaɗinsu shi ne kina zaune da mijinki a cikin Kanada. Idan kika fita alhali kina jiran amsar ƙarin wa'adi, kariyar nan da na faɗa miki ta faɗi, za ki dawo ne a matsayin sabuwar baƙuwa. Takardar ƙarin wa'adin ma, ko ta zo, ba ta shigo da mutum, biza ce ke yin wannan, don haka ki duba ki tabbatar taki mai shiga sau da yawa ce. Ko da hakan, jami'in bakin iyaka ne mai cewa shigo ko koma. Idan ya ce koma, takardun cikin ƙasa sun rushe, sai a sake sabon lale daga waje, da sabon kuɗi da sabon jira. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: takardun da aka shigar daga cikin ƙasa, idan aka ƙi su, ba a ɗaukaka ƙara a sashen ɗaukaka ƙarar shige da fice, na waje kuwa ana yi. Matar da ta san za ta riƙa zirga-zirga, tsarin waje ya fi dacewa da ita tun farko, kuma tun 2023 ita ma tana iya neman izinin aiki idan tana Kanada. Amma ke sauyawa yanzu yana nufin janye na farko a koma baya, kada ku yi shi sai da shawarar masani.

Ra'ayina shi ne, idan likitoci sun ce jikin Mama ya daidaita, ki daure ki jira AOR da amsar ƙarin wa'adinki. Sannan ki je mako 2 ko 3, ba wata guda ba, da tikitin dawowa, da takardar asibiti, da kwafin komai a jakar hannunki. Kafin nan ki riƙa kiranta kullum a lokaci ɗaya don ta san da zuwan kiran, ki yi mata hira ko ba ta amsa ba, ki karanta mata abin da ta saba ji. Mai irin wannan ciwon yakan ji ya kuma gane fiye da abin da bakinsa ke iya furtawa. Idan kuwa aka kira ki aka ce jiki ya yi tsanani, ki tafi, 'yata. Ba zan ce miki ki zauna gadin takarda mahaifiyarki tana nemanki ba. Ki tafi kin san abin da kika sa a kan sikeli, maigida ma ya sani, ku yanke tare tun yanzu da hankali yake kwance.

Shi kuwa maigida, kada ki tunkare shi da "ka yi kuskure". Mutumin da ya sa hannu zai ɗauki nauyinki shekara 3 daga ranar da kika samu zaman dindindin, ya biya kuɗin da guminsa, dole ya ji zafi idan ya ga kamar ana shakkarsa. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce masa hankalinki ya ƙi kwanciya, ki roƙe shi ku buɗe shafin IRCC ku karanta tare. Rubutun hukuma zai faɗa masa abin da zai yi masa nauyin ji daga bakinki. Idan ya ƙi, ki nemi wani babba da yake jin maganarsa, kada ki bari kwanakin su ƙare a kan kunya.

Amma abu ɗaya ba zan sassauta a kai ba. A wurin hukuma ke ce mai nema. Sunanki ne a kan takardun, da sa hannunki aka tura su, kuma duk abin da aka rubuta a ciki ke za a tambaya. Ya zama kin san lambar sirrin, kin karanta abin da aka cike da sunanki, fasfonki kuma yana inda hannunki zai kai. Wannan ba rashin yarda ba ne. Yau idan ya kwanta rashin lafiya, Allah ya kiyaye, wa zai amsa wasiƙar hukuma idan ta zo da wa'adin kwana 30?

Naki mijin ba haka yake ba, amma saboda wasu 'yan uwa da ke karatu: duk wadda ake yi wa barazana da takarda, ta sani tun 2017 Kanada ta soke sharaɗin zaman shekara 2 da miji bayan samun zaman dindindin, kuma tun 2019 akwai izinin zama na musamman, kyauta, ga wadda ake cin zarafinta a gidan aure alhali takardunta suna hannun mijin.

Idan za ku nemi masani a kan batun tafiyar, ya kasance lauya mai lasisi ko mai ba da shawara da sunansa ke cikin rajistar CICC, hukumar da ke ba masu ba da shawara kan shige da fice lasisi a Kanada, ana iya dubawa ta intanet kafin a biya ko sisi. Ki rubuto mini ranar da rasit ɗin ya shigo, ki kuma gaya mini yadda jikin Mama yake.

Antinki