Amsa: Goge abu daga jeri a Python, wasu suna tsira

Malam, ka ce kana bin jerin maki kana goge duk wanda bai kai 50 ba, amma wasu suna kuɓuce maka. Ga abin da ke faruwa. Ɗauki [40, 45, 70]. Ka goge 40 a gurbi na 0 (Python daga 0 yake fara ƙirga gurbi), sai 45 ya matso ya zauna a wurinsa, kai kuma ka riga ka wuce gurbi na 1, ka tarar da 70. Shi ke nan, 45 ya sha.

Ka faro daga ƙarshe, domin waɗanda za su matso ka riga ka duba su:

for i in range(len(maki) - 1, -1, -1):
    if maki[i] < 50:
        del maki[i]

Kula da -1 na tsakiyar nan. range ba ya haɗawa da iyakarsa, in ka sa 0, gurbin farko ba za a taɓa shi ba.

In karantawa kawai za ka yi, reversed(maki) ya wadatar, ba ya kwafar jerin, saɓanin maki[::-1] da ke kwafarsa.

Ni dai a aikinka da wannan zan yi, ya fi sauƙin karantawa:

maki = [m for m in maki if m >= 50]