Na Tafi Umara, Gidan Burodina Ya Rikice: Ina Mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi a Jos mai ma'aikata 18, kuma ƙanena ne manaja. A azumin da ya wuce na tafi Umara, da na dawo sai na tarar buhunan fulawa ba su cika ba, masu sari sun tara bashi ba wanda ya bi su, har ma akwai ranar da ba a yi gashi ba saboda itace ya ƙare, wai ana jiran umarnina kafin a sayo. Abokaina sun ce in sa kyamarori, in kuma sallami rabin yaran. Me ya kamata in yi? Daga wani mai gidan burodi, Rikkos, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya karɓi ibada. A cikin abubuwa ukun da ka lissafa, ranar da ba a yi gashi ba ita ta fi jan hankalina, domin a ranar babu wanda ya saci komai, amma ka yi asarar cinikin yini guda, masu sarinka kuma sun ɗanɗana burodin wani gida. Mutum 18 suna kallon itace yana ƙarewa, har da manaja a cikinsu, amma ba wanda ya ga yana da ikon fitar da kuɗi ya sayo. Wannan ya nuna cewa sunan manaja kawai ka ba ƙanenka, ikon kuwa ka tafi da shi Makka a aljihunka. Kyamara ba ta gyara irin wannan, kuma idan ka sallami rabin yaran ka ɗauko sababbi, a kan tsarin nan za su zauna, su koyi abin da na baya suka koya.

Saboda haka ka fara da ƙanen naka. Ku zauna ku biyu, ku rubuta abin da zai iya zartarwa ba tare da ya kira ka ba: sayen itace, yis, sukari da leda har zuwa wani adadin kuɗi da kuka amince da shi, tsara masu aikin dare da na rana, da tsayar da kaya ga mai sarin da bashinsa ya wuce iyaka. Bayan haka ka tara ma'aikata ka faɗi wannan a gabansu da bakinka. Abin da ya fi wuya zai biyo baya, domin yaran sun saba tsallake shi su zo wurinka, musamman waɗanda suka girme shi ko suka riga shi fara aiki. Duk wanda ya zo maka da maganar da ke hannun manaja, ka mayar da shi wurin manaja, ko da kana da amsar a bakinka. Idan ya yi kuskure, ka gyara masa a keɓe, domin ranar da ka warware hukuncinsa a gaban yara, ranar ce za su daina jin maganarsa. Ka ba shi wata uku a haka. Idan ya kasa bayan an ba shi iko na gaskiya, to a lokacin ne za ka san cewa matsalar tasa ce, sai ka nema masa wani gurbin da ba zai ɓata zumunci ba.

Batun fulawa kuma, ba na cewa babu mai ɗauka, amma Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka taɓa tsayawa da kanka ka ƙirga burodi nawa buhu ɗaya mai kilo 50 yake fitarwa a kowane girma? Idan ba ka yi ba, ka yi kwana uku a bakin tanda da sikeli da biro, ana auna kowane curi kafin a sa shi a gwangwani, har ka sami adadin da za ka riƙa gwada aikin kowace rana da shi. Sau da yawa fulawar da ake cewa ta ɓace ba ta fita ta ƙofa ba, ta tafi ne a curin da ya wuce awo, da wanda ya ƙone, da wanda ya kwana aka dawo da shi ba a rubuta ba. Sannan ka raba hannaye: mai riƙe da makullin sito daban, mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita daban, mai karɓar kuɗi kuma kada ya zama shi ne mai riƙe da littafin bashi. Wannan kariya ce ga mai gaskiya a cikinsu, domin a yanzu zargi ya hau kan kowa.

Akwai kuma abin da ya kamata ka nema daga yaran, wato su riƙa faɗin matsala tun tana ƙarama. A masana'antun Toyota, ƙaramin ma'aikaci yana da izinin jan igiya ya kira shugabansa, har layin haɗa mota ya tsaya, idan ya ga aibi. Kai ba ka buƙatar igiya, minti goma sun isa a lokacin canjin aiki, kowa ya faɗi abin da ya kusa ƙarewa da abin da ya lalace, da sharaɗin ba za a yi wa mai faɗa tsawa ba.

Bashin masu sari ba ya buƙatar dogon bayani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kowane mai sari ya sami shafinsa, da iyakar abin da zai ɗauka, da ranar biya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba biya ta waya, don haka ka tabbata kuɗin yana shiga asusun gidan burodin, ba na ƙanenka ko na wani yaro ba. Idan ba ka yi rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ba, ka yi, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Kai ma ka yanka wa kanka albashi, ka daina ɗibar kuɗin cefane daga cinikin rana, domin yaran suna gani.

Kafin ka sallami kowa, ka duba ko kai ka sauke nauyin da ke kanka. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, dokar fansho ta 2014 kuma ta hau kan wurin aiki mai ma'aikata 15 zuwa sama, inda mai gida zai zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. Da mutum 18 ka riga ka haye wannan iyaka, saboda haka ka nemi lauya ko akawu ya duba maka matsayinka tun kafin wani daga cikin waɗanda kake shirin sallama ya kai ƙara.