Hayar gona: riba ce ko wahalar banza?

Tambaya: Malam, ni mutumin Sandamu ne, a ƙasar Daura. Gonar gadonmu an raba ta, abin da ya zo hannuna ba ya ciyar da gidana har wata damina. Ana ba ni shawarar in kama hayar gona. Za ta fitar da ni kuwa?

Amsa: Za ta iya, Malam, in kana da hannayen aiki a gida. Mai 'ya'ya matasa da shanun huɗa amma ba fili, haya ta fi masa zuwa ƙwadago a gonar wani, domin gero da waken nasa ne. Shi ma mai gonar, tsoho ne ko matar da mijinta ya rasu, yana samun kuɗi ba tare da ya rabu da gadonsa ba.

Inda ake karyewa shi ne hayar shekara ɗaya. Ƙasar Daura jigawa ce, ba ta ba da amfani sai da taki, kuma takin gargajiya ba ya ƙarewa a damina guda. Ka kwashe na turkenka, ka biya amalanke ta kai, baɗi mai gona ya ga yabanya ta yi kyau ya ƙara kuɗi ko ya karɓe abarsa. Shi ya sa 'yan haya ba sa zuba shi, gonar ta gaji, ƙuduji ya cinye geron. Ga kuɗin haya da bazara ake biya, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ruwa ya tsaya ko bai tsaya ba asarar taka ce kai kaɗai. A noma-mu-raba kuwa, ku biyu za ku ɗauka.

Fadama a bakin dam irin Sabke ko Daberam ta fi kawo kuɗi ta albasa da tumatir, sai dai tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin ban-ruwa na cin rabonsa.

Kada ka haɗa haya da jingina. Jingina bashi ce, har malamai da yawa suna ƙyamar cin amfanin gonar da aka jinginar.

Ni dai shawarata, ka nemi shekara uku, a yanke kuɗin tun farko, a rubuta gaban mai unguwa da shaidu biyu, a faɗi wa zai ɗauki kara da harawa. Ka kuma zagaya gonar da damina tukuna, ka ga abin da ke tsirowa a cikinta.