Amsa ga mai tambaya kan mujiyar da yara suka harbo

Wa'alaikumussalam Malam. Na ga tambayarka kan mujiyar da yara suka harbo da danƙo a Rigasa, fiffike ɗaya yana jan ƙasa, kana neman abin da za ka ba ta ta ci. Allah ya saka maka da alheri da ka ƙwace ta. Mutanenmu da sun ga mujiya sai jifa, wai tsuntsuwar mayu ce, alhali ɓeraye take rage mana cikin dare.

Ajiye maganar abinci tukuna, kuma don Allah kada ka ɗura mata ruwa. Ni na taɓa yin wannan kuskuren da wata shirwa da na tsinta ƙarƙashin wayar lantarki a wajen Kawo. Na ga tana haki, baki buɗe, tausayi ya kama ni, na ɗebo ruwa a cokali na zuba mata. Nan take ta sarƙe, kafin magariba ta mutu a hannuna. Daga baya wani likitan dabbobi ya buɗe bakin kaza ya nuna mini: ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, ruwa na zuba sai huhu. Har yau abin yana ci mini rai.

Samu kwali, ka huda shi, ka shimfiɗa tsumma a ciki. Lulluɓe mujiyar da tawul har kai, ka riƙe ƙafafun tare, don faratan su ne abin tsoro, ba bakin ba. Ka rufe, ka kai ɗaki mai duhu inda yara ba sa leƙe. Ban da kejin waya, yana kakkarya gashin fiffike. Ka nisanta ta da kajinka, ka wanke hannu da sabulu. Ka tuna murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Jaji ta Jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a Afirka, a 2006.

Kada ka ce za ka yi mata ɗori da kanka. Ƙashin tsuntsu yana saurin kamawa, idan ya kama a karkace ta bar tashi ke nan har abada. Gobe da sassafe ka kai ta wurin likitan dabbobi, in da hali asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Maganin ciwon jiki na mutane kuma ko kusa kada ka ba ta: irinsa mai suna diclofenac da ake yi wa shanu ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya.

In likita ya ce a ciyar, nama take ci, ba gero ko madara ba, kuma ban da ɓeran da ya ci guba. Ranar da ta warke, ka sake ta bayan magariba kusa da inda aka same ta. Ka sanar da mu abin da likitan ya ce.