Ɓeran Masar na sosa jiki har jini: wane magani za a saya?

Wata uwa daga unguwar Yantala a Yamai ta aiko mana: ƴaƴanta na kiwon ɓeran Masar uku, ɗaya na sosa jiki dare da rana, gashin kafaɗa da gadon baya ya zube, fata ta yi ɓawo, har ya kan faɗi yana shure-shure. Mai kantin maganin dabbobi ya ce ta sayi ivermectin na tumaki, maƙwabciya kuma ta ce a yi masa wanka da sabulun magani. Wanne za ta bi?

Hajiya, wankan dai a bar shi. Alamomin da kika faɗa sun fi kama da ƙazwar ɓeran Masar, wadda wani ƙwaro mai suna Trixacarus caviae ke kawowa. Ido ba ya ganinsa, cikin fata yake haƙa rami ya yi ƙwai, don haka sabulu ba ya kai masa, sai dai ya ƙara wa gyambon raɗaɗi. Faɗuwar nan mai kama da farfaɗiya tsananin ƙaiƙayi ke sa ta. Ki buɗa gashin a cikin haske: in kin ga ƴan ƙwari farare suna motsi, da ƙwai manne da gashi, to ƙwarƙwata ce, ita ma maganin nan na cin ta.

Mai kanti ya faɗi gaskiya game da sunan magani, amma awo shi ne komai. Ivermectin na tumaki mai 1% na ɗauke da miligiram 10 a kowane mililita. Abin da aka saba ba ɓeran Masar kuwa miligiram 0,4 ne ga kowane kilo na nauyinsa, wato mililita 0,04 ga mai kilo ɗaya, awo 4 kacal cikin 100 na sirinjin insulin mai mililita ɗaya. Sirinjin tumaki ba ya iya auna wannan, kuma in awon ya zarce dabbar za ta yi rawar jiki, ta kasa tsayuwa, ta iya mutuwa. Saboda haka ki auna kowannensu a sikelin kicin, ki kai su wurin likitan dabbobi ya tabbatar da ciwon, ya yi allurar ƙarƙashin fata. Sau uku ake yi, kwana 10 zuwa 14 tsakani, domin maganin ba ya kashe ƙwai. Wanda ya tsaya a allurar farko zai ga ƙaiƙayi ya dawo. Duka ukun za a yi wa, ko da biyun ba su nuna komai ba. Ƴan ƙanana kuma kada a ba su sai likita ya duba.

Ranar kowace allura a zubar da shimfiɗar keji, a wanke shi, ya bushe a rana. A yanke wa mai ciwon farcen baya don kada ya yage fata.

Muna roƙonki da babbar murya: kada a fesa masa maganin sauro ko na kaska, kada kuma a ba shi amoxicilline ko penicilline don gyambon. Waɗannan na kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, zawo ya biyo baya, sau da yawa ba ya tashi.

Ki duba abincinsu ma. Jikin ɓeran Masar ba ya yin bitamin C, kuma rashinsa na lalata fata da gashi. Yana buƙatar miligiram 10 zuwa 30 ga kilo kullum. Yankan ɗanyen tattasai, ɗan gwaba ko ganyen faski sun fi wanda ake ɗigawa a ruwan sha, don zafin Yamai da haske na lalata shi da wuri.

Wani matashi daga Tawa ya ce nasa ɓeran Masar tabo gare shi zagayayye a hanci, mai fari-fari, ba ya sosawa sosai. Ɗan'uwa, wannan ya fi kama da makero, ivermectin ba ya yi masa komai. Man clotrimazole ko miconazole ake shafawa safe da yamma, wajen mako 4 zuwa 6. In tabon ya yaɗu, likita zai ba da na sha. Yana kama mutum, musamman yara, don haka ka ware shi, ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa shi.