Shin magani zai kashe masa baiwar rubutu?

Tambaya: Malama, ƙanena marubuci ne, shekararsa 22. Wata uku ke nan ba ya barcin kirki, ya cika littattafai da rubutu ba kai ba gindi, yana cewa wata murya ce ke yi masa shifta. Likita ya rubuta magani, ya ƙi sha, wai manyan marubutan duniya duk masu taɓin hankali ne. Haka ne?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Ƙanwata, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take tsorata ni. A 1987 likita Nancy Andreasen ta fitar da bincike kan marubuta 30 a Amurka, ta tarar kashi 80 cikin ɗari sun taɓa fama da ciwon damuwa ko danginsa. Amma ki duba yaushe ake rubutun. Marubuciya Virginia Woolf ta Ingila, da ciwon taɓin hankali ya kayar da ita a 1904, ta ji tsuntsaye suna waƙa da Girkanci. Sai a littafinta Mrs Dalloway na 1925 ta ɗora wannan a kan wani tsohon soja, lokacin tana da natsuwar zaɓen kalma da goge kalma.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na James Joyce ne, marubuci ɗan Ayalan da ke narka harsuna ya ƙera sababbin kalmomi. 'Yarsa Lucia ta kamu da taɓin hankali, shi kuwa yana ganin salonsa a cikin maganarta, yana cewa baiwa ce. Likita Carl Jung, wanda ya duba ta a 1934, ya kwatanta su da mutum biyu da suka nufi ƙasan kogi: ɗaya nutso yake yi da gangan, ɗaya faɗawa ta yi. Lucia ta rasu a asibiti a 1982, bayan shekara 30 da ɗoriya a can.

Ƙaninki yanzu faɗawa yake yi. Kada ki yi musu da shi kan baiwa, kada kowa ya ƙona littattafan nan, kada a kira shi mahaukaci. Ki raka shi wajen likitan, ya faɗi da bakinsa abin da yake tsoro. In magani yana kashe masa jiki, likita na iya rage shi ko ya sauya. A ci gaba da addu'a ana shan magani. In ya ambaci cutar da kansa, a kai shi asibiti a ranar.